Aikin duba kaya na ejan-ejan Caina: abin da yake kamawa da abin da ke kuɓuce masa

Kusan duk ejan da ke yi wa 'yan Kano sayayya a kasuwannin intanet na Caina irin su 1688 ko Taobao yana sa magana ɗaya a tallarsa: muna duba kaya kafin mu ɗoro. Manyan shafukan da ke da manhaja suna faɗin haka, ɗan'uwanmu da ke zaune a Guangzhou yana karɓar oda ta WhatsApp shi ma haka yake cewa. Sai dai aiki uku ne mabambanta ake sayarwa da wannan suna, kuma yawancin rigimar da ke tashi a Kwari da Farm Centre bayan an fasa kwali daga nan take faro: mai kaya ya ɗauka an yi masa na uku, ejan kuwa na farko kawai ya yi.

Kafin a zo ga ukun, sai an san 'yan kwanakin da aikin yake da amfani a cikinsu. Ka tura wa ejan kayan da kake so, ka biya naira, ya juya ta yuan, kuɗin Caina, ya biya ta manhajar biyan kuɗi ta Alipay. Mai kanti ya aika kayan zuwa siton ejan, abin da ke ɗaukar kwana biyu zuwa biyar a cikin Caina. Kuɗin ba ya faɗawa hannun mai kanti nan take. Shafin ne ke riƙe da shi har sai an danna cewa kaya sun iso, ko kuma wa'adi ya cika, kimanin kwana goma daga ranar aikowa, ya saki da kansa. Dokar kare masu saye ta Caina, bayan gyaran da ya fara aiki ranar 15 ga Maris 2014, ta ba wanda ya sayi abu a intanet kwana bakwai ya mayar da shi ko da bai faɗi dalili ba. Lissafin kwanakin yana farawa ne daga lokacin da sito ya sa hannu ya karɓa, ba ruwansa da ranar da kai ka ga hoto. Kuma dokar ba ta rufe kayan da aka yi maka na musamman ba, kamar jakar da aka buga wa sunan shagonka. A 1688, da yake kasuwar sari ce, sai ka ga mai kantin ya sa alamar yarda da mayarwa a shafinsa kafin ka dogara da ita.

Kwana bakwai ɗin ma ba cikakku ba ne a wurinmu, domin Caina ta riga mu da awa bakwai. Wanda ya jira sai ya idar da azahar sannan ya buɗe waya ya amsa wa ejan, ƙarfe tara na dare ta yi a can, an rufe sito. Kowace tambaya da amsarta sai ta cinye yini guda. Mai son cin moriyar kwanakin nan ya riƙa duba saƙo bayan asuba: shida na safe a Kano ɗaya ce ta rana a Guangzhou, ma'aikata na nan, mai kanti ma yana kan waya. Da zarar kaya sun hau jirgi zance ya ƙare, don kuɗin mayar da kwali ɗaya daga Kano zuwa Caina ya kan zarce kuɗin abin da ke ciki.

Aiki na farko shi ne hoton kyauta, wanda shafukan ke kira hoton QC, wato na duba inganci. Ma'aikacin sito ya fasa ƙunshi, ya ajiye abin a kan tebur a ƙarƙashin farar fitila, ya ɗauki hoto uku zuwa biyar: gaba, baya, takardar jiki, wani lokaci da ma'aunin tsawo a gefe. Ba ya wuce minti ɗaya ko biyu a kai, saboda ɗaruruwan ƙunshi ne ke jiransa. A wurin ejan na WhatsApp kuwa sau da yawa ɗan bidiyo ne na daƙiƙa goma sha biyar, kwali a buɗe, hannu ya ɗaga na sama ya juya shi, sai murya: "Alhaji, kaya sun sauka, komai lafiya lau, a ɗora?"

Wannan aikin yana da ranarsa, kada a raina shi. Yana kama mai kantin da ya aiko baƙi a maimakon ja, ko jaka a maimakon takalmi, ko lamba 39 a maimakon 43, ko abin da ya iso a fashe. Ga matar da ta sayi jaka uku da mayafi biyar don sayarwa a WhatsApp, hakan ya kusa wadatarwa. Amma ya tsaya a nan. Ba a kunna abin lantarki, ba a ƙirga abin da ya wuce 'yan goma, ba a taɓa na ƙasan kwali. Launi ma ba abin dogaro ba ne, domin fitilar sito da kyamarar waya suna mayar da ruwan madara fari, shuɗi mai duhu ya koma baƙi, ruwan hanta ya zama ja. Ga mai haɗa ankon biki wannan kaɗai ya isa ya jawo kwantai. Maganinsa a ajiye farar takarda kusa da yadin a sake ɗauka a bakin ƙofa cikin hasken rana, ba tare da filashi ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a yi hattara da shi a wurin ƙananan ejan: hoton da aka turo maka yana iya zama na mai kanti ne, ejan ya miƙo kawai. Ana ganewa. Hoton sito na gaskiya ba shi da kyau, tebur ya sha jiki, ga takardar kamfanin da ya kawo kayan manne a jikin leda. Ka nemi a nuna lambar da ke kan wannan takarda tare da kayan a hoto ɗaya, da alamar sunanka da ake rubutawa a kwali. Ejan na ƙwarai ba ya jin haushin wannan roƙo.

Abu mafi amfani a cikin aikin kyauta, wanda mutane ba su cika kula da shi ba, shi ne sikeli. Kowane sito yana auna kaya da sun shigo, tun da a kan nauyi ake cajin kuɗin jirgi, kuma sikeli ba ya kara. Idan shafin mai kanti ya ce takalmi ƙafa ɗaya giram 600 ne, ka sayi ƙafa 100, to ka sa ran kilo 60 da ɗoriyar nauyin kwali. Ka ga an rubuta 52, ko dai ba su cika ba, ko an sauya maka da mai arha. Haka tukunya, haka wayar wuta, haka zanin gado. Duk inda masana'anta ta rage ƙarfe ko zare ko jan ƙarfe don ta karya farashi, nauyi ne ke fara tona ta.

Aiki na biyu shi ne wanda ake biya. A manyan shafuka kowane ƙarin hoto ko awo yana da farashinsa, yuan kaɗan ne, gwajin kunnawa da bidiyo sun ɗan fi tsada. Ejan mai zaman kansa yakan sa shi cikin la'adarsa ko ku yi ciniki daban. A nan ne kuɗi ke yin aiki, da sharaɗi ɗaya: ma'aikacin sito abin da aka rubuta masa kawai yake dubawa. Ka ce "a duba min da kyau", ka samu hoto biyar maimakon uku. Shi bai san ƙafar Bakano ba, bai san zafin watan Afrilu ba, bai san abin da Hajiya za ta ɗaga ta haska a rana kafin ta taya ba. Kai ne za ka faɗa masa, da lamba.

Ɗauki takalmi. Lambar Caina tana bin tsawon ƙafa ne da wani lissafi mai sauƙi: santimita sau biyu a cire goma. Wato 40 santimita 25 ne, 42 santimita 26, 44 kuma 27. Wanda ya saba sa 44 na Italiya ko na Turkiyya ƙafarsa ta kusa santimita 28, don haka 44 na kasuwar cikin Caina zai matse shi, ga shi kuma yawanci sun fi siranta. Hoton lambar da aka buga a tafin takalmi ba ya gaya maka komai. Abin nema shi ne a zaro shimfiɗar ciki, a ɗora tef a kanta daga dunduniya zuwa yatsa, a ɗauka ana ganin lambobin, na kowace lamba da ka saya. Sannan a ƙirga rabon lambobin da ke cikin kwali, domin haɗin da suke yi wa kasuwarsu ya fi yawa a 39 zuwa 41, alhali a Wambai da Sabon Gari 42 zuwa 45 ne ke tafiya a na maza. A lanƙwasa takalmin biyu a ga ko bakin gam zai buɗe. A karce fatar da farce a wurin da ba a gani, saboda fatar roba da ta daɗe a ajiye tana iya yin kyau a hoto amma ta fara saɓulewa bayan sati biyu a shago. A kuma duba hagu da dama ne, abin dariya ne amma yana faruwa. In lokacin damshi ne a kudancin Caina, daga Maris zuwa Yuni, a sa ma'aikacin ya shinshina kwali ko akwai warin fumfuna, a zuba 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi kafin a rufe, musamman kayan da za su yi wata biyu a kwantena.

Tufafi ma haka. XL ɗinsu ba namu ba ne, kuma teburin awon da ke shafi sau da yawa da ma'auninsu mai suna "jin" ake rubuta nauyin jiki, wanda rabin kilo ne. Mai ganin "120 zuwa 140" ya ɗauka riga ce ta ƙato, alhali ta mai kilo 60 zuwa 70 ce. A shimfiɗa riga a auna faɗin ƙirji daga hammata zuwa hammata, a auna tsawo da hannu. Abaya kuwa lambarta, 52 zuwa 60, tsawonta ne da inci, sai a tabbatar da tef. A ɗaga yadin a gaban fitila da tafin hannu a bayansa. Idan ana ƙirga yatsu, shara-shara ne, kuma kin san ba za ta sayu a nan ba sai da ragi.

Yadi shi ne inda 'yan Kwari suka fi kowa sani, amma ko su sai sun koyi mayar da sanin hannu zuwa rubutu, tun da ba su ne za su taɓa ba. Turmin yadi shida mita 5.49 ne, a warware biyu ko uku a auna, don ana samun wanda ya gaza da taƙi guda ko fiye, kuma tela ne zai fara gano shi. A auna faɗi. Kauri kuma da sikeli ake kama shi. Turmi mai faɗin mita 1.15 ya kai murabba'in mita 6.3, to idan an yi da kai a kan giram 120 kowane murabba'i, turmin zai yi kusan giram 760. In ya zo 600, an ba ka mai giram 95. Batun auduga da roba, a yanki ƙyalle a sa masa ashana: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Zuba kuwa, a jiƙa farin ƙyalle a goga da ƙarfi sau goma, sannan a jiƙa wani yanki a ruwan ɗumi da sabulu na rabin awa. Abin da ya fi cutar da masu anko shi ne bambancin rini tsakanin tukunya da tukunya: zane ɗaya, lamba ɗaya, amma rabin kayan ya fi rabi haske. Ba a gane shi sai an zaro turmi daga dila daban-daban an jera su gefe da gefe a hoto ɗaya. A leshi mai duwatsu a murza da tafin hannu a kan baƙar leda, abin da ya zubo za a gan shi.

Ba kowane sito ne zai yarda ya yanka ko ya ƙona ba, kuma abin da aka yanka ba ya mayuwa. Don haka a sayi ɗaya na musamman don gwaji, a ɗauke shi a matsayin kuɗin aiki.

Kayan lantarki sun fi kowanne buƙatar aiki na biyu, domin su hoto bai san komai a kansu ba. Wutar Caina 220 ce, ta yi daidai da tamu, amma bakin fuloginsu daban ne da soket ɗinmu mai ƙafa uku irin na Ingila, kuma masana'anta ɗaya tana yin na Amurka mai 110, wanda zai ƙone da an jona shi a nan. A ɗauki hoton bakin fulogi da na takardar da ke jikin na'urar. Waya a kunna ta, a danna *#06# a gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali, a shiga a ga akwai Turanci, a ga Play Store na nan, saboda wayoyin da aka yi don cikin Caina ba sa zuwa da manhajojin Google, wasunsu kuma ba su da layin 4G mai lamba 20 da ake amfani da shi a Najeriya. Memori da filas na kwamfuta a gwada su da H2testw, wadda ke cika su da bayanai ta karanto, a nan ne mai rubutun 128GB yake komawa 8GB.

Fawa banki kuwa lissafinsa a fili yake. Mai 20,000mAh na gaskiya yana ɗauke da 74Wh, nauyinsa ya kai wajen giram 400, kuma abin da zai iya bai wa waya tsakanin 12,000 ne da 13,000, wanda masana'antar kirki take rubutawa da ƙananan haruffa a bayansa. In ya zo da nauyin giram 200 ba sai an gwada ba. Sai dai nauyi kaɗai bai wanke shi ba, tun da akwai masu cika ciki da abin da ba batir ba. Gwajin gaskiya shi ne a cika shi, a sa ƙaramin mita a bakinsa a zuƙe shi har ya mutu, aikin awa biyar zuwa shida, shi ya sa yawancin sito ba sa yi sai an biya su daban. Fitilar sola da aka rubuta wa 300W, a sa tef a kan farantinta. Murabba'in mita guda na faranti wajen 200W kawai yake bayarwa a rana mai kyau, to mai santimita 30 da 20 bai fi 10 zuwa 12 ba, ko me aka buga a kwali. Kular abinci da filas ɗin shayi kuwa gwajinsu ya fi sauƙi: a zuba tafasasshen ruwa a rufe, bayan minti biyar a taɓa bayansu, wanda ya yi ɗumi ba zai riƙe zafi ba.

Sai tambayar da ke raba mai sayen goma da mai sayen dubu: guda nawa za a buɗe? Ba sai an yi ta kintace ba, akwai ma'aunin da masu duba kaya a duniya ke bi, ISO 2859-1, wanda aka fi sani da AQL. A matakinsa na yau da kullum, kaya 151 zuwa 280 ana zaro 32. Daga 281 zuwa 500 ana zaro 50, daga 501 zuwa 1,200 ana zaro 80, daga 1,201 zuwa 3,200 kuma 125. A ma'aunin 2.5 da ake sa wa babban aibi, wato wanda zai hana abu sayuwa, cikin 50 ana haƙuri da 3, na huɗu ya kayar da kayan gaba ɗaya. Cikin 80 ana haƙuri da 5, cikin 125 da 7. Aibin da zai iya yin rauni ko tayar da gobara kuwa ko ɗaya ba a ɗauka. Ejan da ya buɗe biyar cikin ɗari biyar ya ce ya duba, ya yi abin da ya yi, amma ba wannan ba ne. Kuma inda aka zaro ya fi yawan da aka zaro muhimmanci, domin mai kanti ya san na sama ake ɗagawa. A sa wa kwalaye lamba, kai ka zaɓa daga Kano: a buɗe na 3 da na 8 da na 14, a juye su ƙasa, a ɗauko daga gindi.

Aiki na uku na kamfanonin da sana'arsu ke nan ne, irin su SGS da Intertek da Bureau Veritas da QIMA. Suna tura mutum masana'anta ya yini, ya zaro samfur bisa ma'aunin nan, ya yi gwaje-gwaje, ya aiko rahoto mai shafuka da hotuna cikin kwana ɗaya ko biyu. Kuɗin yini guda yakan kai dala 300 ko fiye, ƙananan kamfanonin Caina suna yi ƙasa da haka. Ga mai kayan dala 800 wannan ɓarnar kuɗi ce. Ga mai ɗoro kwantenar tayil daga Foshan, ko fitilu daga Guzhen, ko yadi daga Keqiao, rashin yin sa cinikin biri a sama ne. Ƙarfinsa yana cikin tsarin biya: kafin alƙalami kashi 30, cikon 70 sai rahoto ya fito da kyau, kuma a rubuta haka a takardar ciniki tun farko. Wanda ya riga ya biya duka, rahoton zai gaya masa abin da ya same shi ne kawai. A kuma sa hannu a kan samfur guda biyu tun kafin a fara aiki, ɗaya a masana'anta ɗaya a hannun mai dubawa, don da shi za a gwada. Rauninsu shi ne ba su san kasuwarmu ba, za su iya wuce yadin da ya cika duk awo amma ba shi da ƙyallin da ake nema a Kwari. Kada kuma a haɗa wannan da SONCAP. Ita takarda ce ta SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, da ake buƙata wajen fito, tana nuna kayan sun cika ƙa'idar shigowa Najeriya, ba ta duba ko launin da ka zaɓa aka zuba maka.

Akwai abin da ya sa bai kamata a bar wa ejan hukunci shi kaɗai ba, ko da mutumin kirki ne. Abincinsa yana cikin la'ada da ribar canji da kuɗin kilo, dukansu kuma sai kaya sun tashi suke tabbata. Mayar da kaya ba ya ƙara masa komai sai wahalar jayayya da mai kanti da cika masa sito. Wasu ma suna da ɗan ihsani daga kantin da suka kai ka. Ba zargi ba ne, yanayin sana'ar ne, kuma shi ke sa "ƙaramin abu ne, Hajiya, za su shiga" take saurin fitowa. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da halatta sayen abin da ke cikin dila bisa siffar da aka rubuta, da sharaɗin in ya saɓa wa siffar mai saye yana da zaɓi, kuma a wurinsu wakili amintacce ne, ba ya biyan asara sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umarni. To umarnin da ba a rubuta ba, da me za a ce an ƙetare shi? Saƙon murya na minti huɗu ba ya zama hujja a gaban shugabannin kasuwa. Rubutu gajere ya fi, kamar haka: "Malam, don Allah kada a ɗora sai na ce. A buɗe 32 daga kwali na 2 da na 5 da na 7. A auna shimfiɗar ciki ta kowace lamba. In aibi ya wuce biyu a tsaya a sanar da ni kafin kwana bakwai su cika."

In an sami aibi hanya uku ce: a mayar a karɓi kuɗi, a sauya, ko a riƙe a yi ragi. In laifin mai kanti ne shi ke biyan kuɗin mayarwa a cikin Caina, in kai ne ka sauya ra'ayi kai za ka biya, kuma ba shi da yawa. Ragi shi masu kanti suka fi so, sukan fara da tayin da bai taka kara ya karya ba, a ƙi na farko. Kafin ka karɓa ka lissafa da kuɗin jirgi, domin abu mai aibi kilonsa ɗaya da lafiyayye, kuɗin ɗauko shi bai ragu ba. Wanda aka sauya kuma a sake duba shi daga farko, don ba abin mamaki ba ne a dawo da waɗanda aka mayar a sabuwar leda. Sauyi yana cin sati guda ko fiye, shi ya sa mai kayan sallah da ya yi oda a makare yake rufe ido ya ce a ɗora. A lura da kalandarsu: hutun sabuwar shekararsu, da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, yana rufe masana'antu makonni, kayan da aka yi gab da shi da gaggawa ake yin su, na bayansa kuma sababbin ma'aikata ne. Akwai hutun 1 zuwa 7 ga Oktoba, sannan cinkoson 11 ga Nuwamba, lokacin da sito ke cika har a riƙa ɗaukar hoto a tsaitsaye.

Kaya masu yawa suna wuce duk wannan lafiya su lalace a wajen ɗauri, kuma wannan ɓangaren ne ejan-ejan suka fi sakaci da shi. Jirgin sama yana cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyi da girma: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 6,000, wasu kamfanonin da 5,000. Kwali mai 60 da 50 da 40 kilo 20 ne ko da auduga ce a ciki, a jirgin ruwa kuma, inda ake auna girman kaya da CBM, wato kubik mita, 0.12 ne. Don rage wannan ake zubar da kwalayen takalmi a matse kaya a buhu. Ga silifa da tufafi dabara ce mai kyau. Ga takalmi sau-ciki da jaka mai tsayuwa da gilashin ido, abin da aka rage a kuɗin jirgi a shago za a biya shi. Kayan fashi kamar tangaran da madubi a yi musu akwatin katako. Na jirgin ruwa a naɗe da leda kafin buhu. Masu batir a ware su tun farko, hanyarsu daban ce, sau da yawa ta Hong Kong, kuma guda ɗaya da ya ɓuya a kwalin tufafi yana iya tsayar da kayan mutane da yawa. Man shafawa da turare da duk abin da ya shafi NAFDAC a tambayi mai fito kafin a saya.

A taƙaice dai, hoton kyauta ya isa ga 'yan kaya kaɗan marasa wuta, in an haɗa shi da duba nauyi. Duk abin da ake kunnawa, da duk abin da ake sawa a jiki da lamba, da duk odar da ta haura guda ɗari, a biya aiki na biyu a rubuta umarni. Kwantena kuma a kira na uku, har da tsayawa a kan lodi da ɗaukar hoton lambar hatimin ƙofa.

Kafin a ce a ɗora, a karɓi hoton kowane kwali a rufe a kan sikeli, ana ganin nauyinsa da alamar sunanka. Ranar da kaya suka iso ofishin kago a Kano, a sake ɗora su a sikeli kafin a sa hannu, a duba ko salatif ɗin da ke jiki irin na hoton ne ko an yanka an sake liƙawa. In nauyi ya ragu, a fasa kwalin a nan gaban ma'aikatansu ana ɗaukar bidiyo, domin da an fita da shi ƙofa, ejan zai ce daga wurin kago ne, kago kuma su ce haka aka ba su.